Zanen Fenti Goma a Tayar Tifa

Tayar ba ta yi wa kowa sallama ba. Da hantsi ta rabu da tifar yashi a gangaren bakin kasuwa, ta yi tsalle biyu a kan kwalta, ta haye kwata, ta faɗa shagon tela ta same shi zaune a kan kekensa yana haɗa wuyan riga. Kafin a janye ta daga kansa rai ya yi halinsa. Tifar kuwa ta ja gindi har gaban masu katako ta tsaya a karkace, direbanta ya diro yana rantse-rantse tun ba wanda ya tambaye shi komai.

Ba a yi minti goma ba gari ya yanke hukunci. Mutanen wurin nan ba sa wahalar da kansu wajen neman mai laifi, balle in akwai wanda dama suke jin haushinsa. Kowa ya ga farin fenti a jikin rim ɗin tayar, wato ƙarfen tsakiyarta, zane goma, ɗaya a bakin ramin kowane noti, kuma duk faɗin tashar manyan motoci mutum ɗaya ne ke wannan zanen. Baba Ƙas ke nan, tsoho mai ɗaura taya. Sunan ya samo shi ne daga doguwar sifanarsa ta awo, wadda in noti ya kai ƙarfin da aka saita mata sai ta ce ƙas. Ba ya sallamar mota sai ta faɗa sau goma a kowace ƙafa, ko da direba zai mutu don sauri. Direbobi sun tsane shi saboda jinkiri da baƙar magana, amma masu motoci wurinsa suke tura su dole.

"Jiya-jiya ya ɗaura mini su, sababbi fil," in ji direban, yana nuna rim ɗin da hannu biyu. "Ga zanensa nan, ni me zan ce?"

Ciyaman na tasha ya yi dabara ya tura Baba Ƙas cikin ɗakin ajiya na ofishin ƙungiya ya sa kwaɗo. Wan tela, wani mahauci mai wuya kamar na sa, ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofar da galan ɗin fetur tsakanin ƙafafunsa. 'Yan sanda sun aiko cewa motarsu ta fita, sai la'asar. Mahauci ya ce shi ma la'asar ɗin yake jira, amma in ta wuce da minti ɗaya ba zai ƙara jiran kowa ba.

* * *

Mai Sawu yana tsakar gida yana yi wa akuya dabaibayi sai ga Babbar Yaya ta faɗo ba sallama, mayafi a hannu. Sana'arsa bin sawu ce. In an sace dabba ko an fasa shago shi ake kira, ya sunkuya ya karanta ƙasa kamar takarda, ya bi ta har ƙofar ɓarawo. Su uku mahaifiyarsu ta haifa: Babbar Yaya, wadda ke auren Baba Ƙas, sai shi, sai Auta.

"Tashi," ta ce. "Za su ƙona mini miji."

"Na ji labari."

"Ka ji labari kana nan kana wasa da akuya?"

Bai ɗago ba. A al'ada ƙanin mata da mijin yaya abokan wasa ne, amma su shekara tara ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Asalin abin Auta ne. A rumfar Baba Ƙas ya koyi aiki, har ranar da tsohon ya kama shi ya sallami mota da bindigar iska kaɗai, wato na'urar nan mai ƙara da ke murɗa noti cikin ƙiftawar ido, bai bi da sifanar hannu ba. A gaban direbobi ya kwaɗa masa mari ya kore shi. Mai Sawu ya ji zafin marin kamar a kuncinsa aka yi. Ya sayar da bijiminsa, ya saya wa Auta kwamfuresa mai hura iska da bindiga tasa ta kansa, ya kafa masa rumfa a hanyar rafi. Tun daga ranar ya shafe hanyar gidan yayarsa.

"Yaya, mijinki ya fi kowa iya aiki, ai haka yake faɗa. Ya fitar da kansa mana."

Ta tsaya ta dube shi, idonta jajur amma ba hawaye.

"Ni na goye ka lokacin da Inna ke kwance," ta ce. "Ban taɓa tuna maka ba sai yau. Ban ce ka so shi ba. Na ce ka je ka duba ƙasa, abin da ka gani ka faɗa."

Ya saki ƙafar akuyar, ya ɗauki sandarsa. Har cikin ransa yana fatan ya tarar laifin tsohon ne, kuma bai ji kunyar wannan fatan ba.

* * *

An ɗauke gawa, an bar tayar a jingine da bangon shago, jama'a sun kewaye ta kamar za ta yi magana. Da suka ga wanda ke tafe sai guna-guni ya tashi.

"To, an kawo ƙanin matarsa ya wanke shi."

"Ƙanin matar da ba sa ga maciji? Ai ƙarasa shi ya zo yi."

Mai Sawu ya tsuguna gaban tayar. Ramukan rim ɗin goma duk sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, alamar tayar ta daɗe tana rawa a kan kusoshinta kafin ta fice. Ya shafa bakin ramukan, baƙin garin ƙarfe ya biyo yatsansa. Ya dubi zanen fentin ɗaya bayan ɗaya. Na farko mai kauri ne har ya yi ɗigo, na kusa da shi bai kai shi ba, na gaba ya fi siranta, haka suka bi da'ira suna ramewa har na goma, wanda da ƙyar ake ganinsa. Ya kai hancinsa kusa. Ƙarƙashin warin roba akwai ɗan warin fetur, kuma kewayen ramukan ya fi sauran rim ɗin tsabta, kamar an goge wurin da tsumma.

"Ka gama shinshine-shinshinen?" Mahauci ne ya taso daga bencinsa ya biyo shi. "Ƙanena ya bar 'ya'ya huɗu. In ka zo rufa-rufa ne, wallahi galan ɗin nan ya ishe ku ku biyu."

"Allah ya jiƙansa," in ji Mai Sawu. "Ka matsa, ka tare mini haske."

* * *

Ɗakin ajiya yana da 'yar taga mai ƙarfe. Ta nan ya hango Baba Ƙas zaune a kan tsohon batir, hula a gwiwa, leɓensa ya fashe inda wani ya same shi da dutse.

"Wa ya aiko ka?" tsohon ya tambaya.

"Wadda ta rasa miji na kirki ta aure ka."

"To koma ka ce mata ban mutu ba tukuna."

"Saura kaɗan. Yaya ka ɗaura tayar nan?"

"Yadda nake ɗaura kowace taya shekara talatin da biyar. In kana son koyo ka zo da safe ka fara da share rumfa."

Mai Sawu ya juya zai tafi. Sai da ya yi taku uku sannan muryar ta biyo shi, a hasale, kamar ana cire masa haƙori.

"Na kankare tsatsa da burushin ƙarfe, fuskar rim da mazauninta, don ko ƙwayar yashi ta shiga tsakani taya ba za ta zauna daidai ba. Na ɗora kowane noti da yatsuna sai da ya kama zare. Sannan na sa bindiga, a hankali, ta kai su bakin rim kawai. Bindiga jaka ce, kaya take kaiwa, ba ta san awo ba. Na sauke jak. Na ɗauki sifana na bi su a gicciye, na sama, na ƙasa, na dama, na hagu, kowane noti sai wanda ke fuskantarsa. In ka bi su a jere gefe ɗaya zai danne, ɗayan ya ɗaga, kana ganin ta ɗauru alhali a karkace take."

"Fentin fa?"

"Tsinke nake tsomawa sau ɗaya, fenti ba kyauta ake ba ni ba. Noti ya ce ƙas, in ja masa zane nan take, daga kansa zuwa rim, don kada in tsallake wani. Gobe in zanen ya rabu biyu ka san noti ya motsa. Kuma na gaya wa wancan sakaran ya dawo bayan lodin farko in sake bin su. Ka gan shi? Ni ban gan shi ba."

"Lokacin da Auta ke wurinka kana zanen nan?"

"Bayan na kore shi na fara. Saboda irinsa na fara."

Mai Sawu ya sauya magana.

"An ce kafaɗarka ta mutu. An ce ba ka iya jan sifana, sai dai ka ce ƙas da baki."

Tsohon ya dafa kafaɗarsa. Daga baya ya ce, "Kafaɗa tana ciwo, ban ɓoye wa Allah ba. Sifanar tana rumfa, an bar ta a saitinta. Je ka tambayi sauran ƙafafun motar."

* * *

Ya je ya tambaye su. A gaban Ciyaman da direba da duk mai son kallo ya ɗora sifanar a kan notocin sauran tayoyin tifar, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya ce ƙas ba tare da ya motsa ko kaurin gashi ba. Maganar kafaɗa ta mutu a nan, ko da yake masu yaɗa ta ba su ji daɗi ba. Ya daɗe tsugune gaban tayar gaba yana kallon zanenta, yana bin su da yatsa sama da ƙasa kamar mai ƙirga tsallen kwaɗo.

A mazaunin tayar da ta fice kuwa kusoshi huɗu sun karye, shida suna nan tsirara, zarensu ya cinye.

Ciyaman ya ja shi gefe. Mutum ne mai son a gama magana kafin ta taɓa kujerarsa.

"Malam Mai Sawu, ni ina zargin hassada ce. Akwai masu tifa da ke jin haushin wannan motar ta karɓe musu lodin yashi. Wa ya sani ko wani ya lallaɓa inda take kwana ya sassauta notocin?"

Suka je inda take kwana, bayan ofis. Ƙasar wurin laushi gare ta, ta riƙe komai: sawun tayoyi, sawun silifas ɗin direba ya sauka ya tafi ya dawo, sawun kare da ya ɗaga ƙafa a tayar baya. Babu wanda ya tsuguna a wurin, babu inda aka dafa gwiwa aka ja ƙarfe.

"Sai dai in karen ne ke da hassada," in ji Mai Sawu. Ya juya ga direba. "Me ya hana ka komawa a sake bin notocin?"

"Lodi ya yi yawa jiya."

"Daga rumfar tsoho ina ka nufa?"

"Rafi. Rafi da gari, rafi da gari, sawu huɗu."

"Ba ka tsaya ko'ina ba?"

"Ko ruwa ban tsaya sha ba. Mai mota ya ce duk ranar da wani ya taɓa masa taya ban da Baba Ƙas, a bakin aikina. Ni mahaukaci ne?"

Ba wanda ya tambaye shi ko wani ya taɓa taya. Mai Sawu ya lura da haka, ya kuma lura da yadda mutumin ke share gumi a inuwa.

* * *

Rana ta take tsaka lokacin da ya kama hanyar rafi da ƙafa, kansa a sunkuye, yana bin gefen da tayar take. Noti na farko ya tsinta a kwata kusa da gangaren. Na biyu a gaban gidan mai. Na uku ya sha wuya kafin ya gan shi cikin ciyawa. Kowanne kusurwoyinsa sun yi ƙyalli sun murje, irin cizon da bindiga ke yi in an sake mata ƙarfi duka. Yana tafe yana jefa su a aljihu, aljihun na ƙara nauyi, zuciyarsa ma haka, don ya san abin da ke kan wannan hanyar. Ya yi ta roƙon Allah sawun ya wuce wurin.

Sawun bai wuce ba. A gaban rumfar Auta tayoyi sababbi masu kaifin zane sun sauka daga kwalta sun hau baƙar ƙasar da ta sha man inji. Ga inda gindin jak ya nutse. Gefe guda kuma ga yashin rafi, fari tas, wanda ya zubo lokacin da aka ɗaga mota da lodi ta karkata. An bi shi da tsintsiya, amma wanda ya yi sharar bai san farin yashi ba ya ɓuya a baƙar ƙasa ba.

"Yaya! Kai ne da rana haka?" Auta ya fito yana goge hannu, da fara'arsa irin ta kullum, wadda tun yana ƙarami take sa a yafe masa komai. Ya jawo kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi. Bindigar tana rataye a ƙusa a bayansa, jan fentinta ya koɗe, amma Mai Sawu ya gane ta kamar yadda zai gane bijimin da ya sayar.

"Ka ji abin da ya faru?"

"Na ji, wallahi. Tsufa ne, Yaya. Na daɗe ina faɗa, mutumin nan ya kamata ya huta."

"Tifar ta tsaya nan jiya?"

"Nan? Ai ka san motocin tsoho ba sa tsayawa wurina."

Ya faɗe ta sumul, ko ido bai ƙifta ba. Da ya yi in'ina, da ya sunkuyar da kai, da Mai Sawu ya san yadda zai yi da shi. Ƙaryar da aka yi masa da murmushi ita ta fi yi masa ciwo. Ya dubi yashin. Taku biyu ne tsakaninsa da wurin, in ya ja ƙafa sau uku ya tattake shi cikin baƙar ƙasa shi ke nan, ba mai sake karanta shi har abada. Tsohon da ya mari ƙaninsa ya tafi gidan yari ko ya ƙone, Inna ta ci gaba da ganin autanta kowace safiya. Ya daɗe yana kallon wurin har ruwan da aka kawo ya yi ɗumi a hannunsa.

"Ciyaman yana neman masu sana'ar taya a ofis kafin la'asar," ya ce. "Ana son wanda zai yi wa mutane bayanin aikin. Ka zo."

"Ni zan yi bayanin aikin Baba Ƙas?" Auta ya yi dariya. "Yau ga ranata."

* * *

Ofishin ƙungiya bai taɓa cika irin na ranar ba. Ciyaman a kan kujerarsa, direba a jingine da bango, mahauci a bakin ƙofa da galan ɗinsa, Babbar Yaya a tsaye a lungu ta ƙi zama. Aka fito da Baba Ƙas, aka yi masa ihu, wani ya tofa yawu. Mai Sawu ya sa an mirgino tayar da ta yi kisa, an kwanto tayar gaba ta tifar, an kuma kawo wani tsohon rim wanda ba komai a jikinsa. Ya ajiye gwangwanin fentin tsohon da tsinkensa a kan tebur.

"Ni ba mai taya ba ne," ya ce. "Auta, kai ka zauna da shi. Nuna wa jama'a yadda ake zanen nan."

Auta ya naɗe hannun riga. Ya tsoma tsinke sau ɗaya, ya ja zane a ramin sama, ya matsa na kusa da shi, ya matsa na gaba, ya zagaye rim ɗin tsaf cikin sauri irin na gwani, ya ɗago yana murmushi.

"Ba wani abu ba ne. Ko yaro zai iya."

"Baba," in ji Mai Sawu, kuma wannan ne karo na farko cikin shekara tara da ya kira shi haka, "a goge, kai ma ka yi."

Tsohon ya karɓi tsinken. Ya ja na sama, ya sauko na ƙasa. Ya koma dama, ya tsallaka hagu. Hannunsa bai san wata hanya ba.

"To ku matso ku duba." Mai Sawu ya dafa tayar gaba. "Wannan aikin tsoho ne na jiya. Mai kauri a sama, mai bi masa a ƙasa, na uku can, na huɗu nan. Fentin yana ƙarewa a tsinke yana tsallake-tsallake, don yana zana kowane noti ne lokacin da ya ɗaure shi. Ku je ku duba sauran ƙafafun motar, duk haka suke." Ya koma kan tayar da ta yi kisa. "Wannan kuwa mai kauri, mai bi masa a gefensa, na uku a gefen na biyu, har ya zagayo. Wanda ya yi shi ya gama ɗaure notocinsa da bindiga a jere, ya goge zanen tsoho da fetur don ba su ƙara haɗuwa ba, sannan ya zauna ya yi wa tayar kwalliya don kada mai mota ya gane an taɓa ta. Ya ga zanen a motoci, bai taɓa ganin ana yin sa ba. Sawun mutum biyu ne. Ɗaya tsalle yake, ɗaya zagaye yake."

Idanu suka bar tsohon suka koma kan Auta, wanda murmushi ya bushe a fuskarsa.

"Zagaye ai kowa na iya yi," ya ce. "Yaya, me kake nufi?"

Mai Sawu ya zazzage notocin aljihunsa a kan tebur.

"Akwai yashin rafi a gaban rumfarka, da gurbin jak, da sawun sababbin tayoyi. Na bar su yadda na same su." Ya juya ga direba. "In aka buɗe tayar nan, sabuwa fil, faci nawa za a samu a ciki? Ka faɗa da bakinka ko a kawo ƙarfe a buɗe?"

Direban ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

"Ƙusa na taka a rafi," ya ce. "In na koma wurin Baba sai ya cinye mini awa biyu. Auta ya ce minti goma. Ni na ce zanen fa, ya ce in kawo farin fenti ya san yadda zai yi. Wallahi na ji tana kaɗawa tun safe, na ce in sauke wannan lodin tukuna."

Mahauci ya yi wani irin kuka ya taso. Mai Sawu ya riga shi. Ya sha gaban Auta, ya kama wuyan hannunsa da hannun hagu ya riƙe gam, ya tokare sandarsa a ƙirjin mahauci da na dama.

"Na ba ka wanda ya yi, ban ba ka shi don ka ƙona ba. Hukuma za ta tafi da shi, da shi da direban. In kuwa wuta kake so, ka fara da ni, ga ni kusa."

Sai da mutum huɗu suka taru suka janye mahaucin, Ciyaman ya ɗauke galan ɗin da kansa ya kulle a ɗakin da aka fito da tsohon. Auta yana ta fizge-fizge, amma hannun da ya riƙe shi ya saba riƙe bijimi.

"Yaya, sake ni in bi ta baya. Don Allah, Yaya. Saboda wannan tsohon? Wanda ya mare ni?"

"Da na bar shi ya ƙara maka na biyu," in ji Mai Sawu, "da tela yana kan kekensa yanzu."

Bai sake shi ba har motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa.

* * *

Jama'a suka watse suna cewa dama su sun san tsohon ba zai yi haka ba. Baba Ƙas ya sa hularsa, ya ɗauki sifanarsa da gwangwanin fentinsa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da Mai Sawu kamar zai ce wani abu, ya duba saitin sifanar, ya goge ta da gefen riga, ya wuce. Godiya ba ta cikin kayan aikinsa.

Babbar Yaya ce ta rage. Ta zo da safe neman miji, ta same shi, kuma ba ta bi shi ba. Tana tsaye tana kallon inda motar ta ɓace da ƙaninta, hawayen da ta hana fita tun hantsi suna zuba.

"Na ce abin da ka gani ka faɗa," ta ce a hankali. "Ban san abin da za ka gani ba."

"Na sani, Yaya."

"Inna tana can ta ajiye masa abincin rana. Wa zai gaya mata?"

Mai Sawu ya ɗauki sandarsa. Tafin hannunsa na hagu ya yi fari da fentin da ya shafo daga hannun Auta, ya goga a riga bai fita ba.

"Ni zan gaya mata," ya ce. "Ni na saya masa bindigar."